Murhun itace ko hitar mai? Ku ba ni shawara kan ɗumama garejina kafin sanyi ya kankama

Baban Sadik, Harrisburg:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a ƙasar nan, musamman masu aikin hannu.

Bara muka sayi gida a wajen Harrisburg, jihar Fensilbaniya. A bayan gidan akwai gareji mai cin mota biyu, ƙafa 24 tsawo, ƙafa 24 faɗi, kuma ba a manne yake da gidan ba. Ni bakanike ne tun daga gida, a Ƙofar Ruwa na koyi aiki. A nan da rana tuƙi nake yi, da yamma da ranakun Asabar da Lahadi sai in shiga garejin in duba motata da ta uwargida da na 'yan'uwa: juyen baƙin mai, birki, famfon fetur, wani lokaci 'yar walda.

Sanyin bara ya koya mini hankali. A watan Janairu in ka ɗauki sifana sai ka ji kamar ƙanƙara ka riƙe, yatsu su ƙage, minti ashirin sai na gudu cikin gida. Na sayi 'yar hitar lantarki, sanyin ko gezau, kuɗin wuta ne kawai ya hau.

Yanzu abu biyu ne a gabana. Maƙwabcina bature yana da tsohon murhun itace na ƙarfen zubi, ya ce in ba shi dala 300, kuma akwai bishiyoyin da suka faɗi a filinsa, ya ce in yanka in kwashe kyauta. Na biyu, wani abokin aikina ya koma amfani da iskar gas a gidansa, zai cire hitarsa mai shan mai, wadda suke kira fanes, har da tankinta mai cin galan 275, ya ce in zo in ɗauka a kuɗi kaɗan. Raina ya fi kwanta wa itace, don da shi muka tashi kuma ba sai na saya ba. Uwargida ta ce sam. Wanne kuke ganin ya fi? Allah ya saka da alheri.

Baba Alhaji, jihar Maine:

Wa alaikumus salam ɗana. Shekarata goma sha ɗaya ina ɗumama rumfar da nake aikin kafinta da itace, kuma a nan Maine sanyinmu ya fi naku nesa ba kusa ba. Ɗumin itace daban ne. Shiga ƙashi yake yi, ga butar shayi a kai tana tafasa, in an ɗauke wuta saboda dusar ƙanƙara ta karya wayoyi, kai ba abin da ya sha maka kai. Hitar mai kuwa in babu lantarki ƙarfe ce kawai a ajiye. Kuma ka tambayi mutanen nan, inda wajen rabin gidaje da mai suke ɗumi, abin da suka gani a 2022 bayan an fara yaƙin Rasha da Yukren: galan ɗaya sai da ya haura dala biyar.

Amma kada kalmar kyauta ta ruɗe ka. Itacen da aka sare bana ba na ƙonawa bana ba ne. Sai ka yanka, ka faskare, ka jera a inda iska ke ratsawa, ka rufe samansa kawai. Itacen oak, wanda ya yi yawa a wajenku, yakan ɗauki kusan shekara biyu kafin ya bushe yadda ake so. Akwai 'yar na'ura mai allura biyu da ake soka wa itace ta nuna ruwan da ke ciki, sai ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ɗanyen itace hayaƙi yake yi ba zafi ba, hayaƙin nan ya daskare a bututu ya zama baƙar kunkunniya mai danƙo kamar kwalta, ita ce wata rana take kamawa da wuta a cikin bututun. Shi ya sa duk shekara sai an share.

A nan da kod ake auna itace, wato jeri mai ƙafa 4 tsayi, 4 faɗi, 8 tsawo. Kod ɗaya na busasshen oak a murhu mai kyau zai tsaya maka a madadin galan 140 zuwa 150 na mai. Ka yi lissafi da kanka.

Kada kuma ka jefa katakon da aka jiƙa da maganin gara, irin mai launin kore-koren nan, ko mai fenti. Guba ce.

Ɗan Fagge:

Ikon Allah. Mu nan muna addu'ar a kawo wuta mu kunna fanka, ku kuna can kuna shawarar yadda za ku sayi zafi da dala. Baban Sadik, turo kuɗin jirgi in kawo maka rabin zafin Afrilu a buhu.

Injiniya Abu Hanif, Albany:

Baba Alhaji, a gafarce ni, duk abin da ka faɗa a kan itace gaskiya ne, amma akwai kalma ɗaya a tambayar da ta sauya hukuncin gaba ɗaya: famfon fetur. Kai katako kake aiki da shi, shi mota yake shigarwa. Aikina ke nan, harhaɗa na'urorin ɗumama da sanyaya gidaje, don haka bari in ɗan tsawaita.

Malam Baban Sadik, fetur ba ruwansa ne abin tsoro ba, tururinsa ne. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba sama yake yi ba, kwanciya yake yi a daɓe yana malala kamar ruwa, kuma ido ba ya ganinsa. Sanyi ba ya hana shi tashi, domin fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. To shi murhun itace ta ina yake shaƙar iska? Ta ƙasa, daidai inda tururin yake kwance. Ka cire tiyon fetur, rabin kofi ya zube, tururin ya bi daɓe, murhun ya zuƙe shi zuwa kan garwashi. Wutar kuma ba a murhun za ta tsaya ba, biyo tururin za ta yi ta dawo inda ya fito, wato ƙarƙashin motar da kake kwance.

Saboda haka ne ƙa'idar NFPA 211, wadda hukumomi da kamfanonin inshora da yawa a Amurka suke dogaro da ita kan murhu da bututun hayaƙi, ta ce kada a girka murhu mai cin itace ko kwal a gareji, ko a duk inda ake samun fetur ko wani tururi mai kamawa. Ba ta ce a ɗaga shi sama ba, ba ta ce a kewaye shi ba, cewa ta yi kada a sa.

Za ka ce ai ita ma hitar mai wuta ce a cikinta. Haka ne, ba kuma na ce babu haɗari ba. Bambancin shi ne ita tana da makunni. Za ka buɗe layin fetur, ka kashe ta, nan take harshen wutar ya mutu, ka buɗe ƙofa iska ta share wurin, ka gama, ka sake kunnawa. Murhun itace ba shi da makunni. Ko ka daina zuba itace, garwashin nan zai yi awanni yana ci, wani lokaci har gari ya waye yana nan a ƙarƙashin toka. Sannan wutarta a rufe take cikin akwatin ƙarfe, kuma ƙa'idar gini ta ce duk abin da zai iya tayar da wuta a gareji a ɗaga shi aƙalla inci 18 daga daɓe, a kuma kare shi daga karon mota. Wasu daga silin suke rataye ta. Abin da na fi so ni shi ne a yanka mata ɗan ɗakinta a kusurwa, ta riƙa shaƙar iskar ƙonawa daga waje. Shi kansa man da take sha ɗan'uwan dizal ne, an dai zuba masa jan launi don a bambanta shi da na mota wanda ake biya wa harajin hanya. Ba ya fitar da tururi mai kamawa sai ya yi zafin da ya kai wajen digiri 38 a ma'aunin Salsiyas, ka ga ajiye tankinsa ba kamar ajiye fetur ba ne.

Ga kuma maganar tsohon murhun maƙwabcinka. Duba bayansa, in babu farantin shaidar gwaji, ƙa'ida ta ce a bar inci 36 tsakaninsa da duk abin da wuta za ta iya ci, ta kowane gefe. A ɗakin da mota biyu ke shiga, wannan fili ne mai yawa. Bututun da zai ratsa rufi kuma ba bututun banza ba ne, mai ruɓi biyu ne da abin tare zafi a tsakiya, kuma sai ya ɗara rufin da ƙafa 3, ya kuma ɗara duk abin da ke cikin ƙafa 10 daga gare shi da ƙafa 2. Sau da yawa kuɗin bututun ya ninka na tsohon murhu. Dala 300 ɗin nan kafin alƙalami ne kawai.

Baba Alhaji, jihar Maine:

Injiniya, na karɓa. Ban lura da maganar fetur ba, ido ya tsufa. Ni ko injin yankan ciyawa ba na bari ya kwana a rumfata, yana can wata bukka daban da jarkarsa. Amma fa ina nan kan bakana cewa ɗumin itace ya fi daɗi.

Baban Sadik, Harrisburg:

Injiniya, jikina ya yi sanyi. Wallahi sati biyu da suka wuce na sauke tankin wata mota a wurin, warin fetur ya kwana biyu bai fita ba. To amma ina ganin turawa da yawa a ƙauyukan nan da bututu a saman garejinsu, hayaƙi na tashi. Su ba su san dokar ba ne?

Injiniya Abu Hanif, Albany:

Wasu sun sani, wasu ba su sani ba, wasu kuma wurin ba mota ke shiga ba. Kowace ƙaramar hukuma da irin tsaurinta, don haka ka je ofishin da ke ba da izinin gini na garinku ka tambaya. Amma wanda ya kamata ka fara kira shi ne kamfanin inshorar gidanka. Ka faɗa musu gaskiya, ka ce su ba ka amsa a rubuce. In ka girka abin da ba su sani ba, Allah ya kiyaye, gobara ta tashi, suna iya samun hujjar ƙin biya, kai kuma bashin gidan yana wuyanka. Kuma tunda ka ce kana duba motocin 'yan'uwa, in ana ba ka wani abu a kai, wannan ma ka tambaye su, don inshorar gida ba kasafai take ɗaukar aikin sana'a ba. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada.

Maman Ilham, Columbus:

Yayana, ni ba ruwana da wanne ya fi araha, ina bayan matarka. Ma'aikaciyar jinya ce ni, kuma duk shekara in sanyi ya shigo sai an kawo mana mutanen da iskar kabon monoksaid ta buge. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai mutum ya ce bari in ɗan zauna in huta, shi ke nan. Mun san ta tun a gida, ita ce dai wadda take kashe mutane in an shiga ɗaki da kaskon gawayi lokacin hunturu an toshe ƙofa da taga, ko an kwana da janareto a kusa. Lokacin ina yarinya, iskar nan ta taɓa kama kakata da ƙanwar babana a ɗaki ɗaya, da asuba aka fasa ƙofa aka fito da su ranga-ranga, Allah ya yi da sauran kwana.

Ko itace ko mai, duk suna iya fitar da ita in bututu ya toshe ko ƙarfen ciki ya tsage. Kai ga ƙari, kana tayar da mota a ciki. Don Allah kafin ka sayi komai, sayi ƙararrawar da ke kuka in ta ji iskar, ɗaya a garejin, ɗaya kusa da ɗakunan kwana. Ba ta da tsada. Kuma kada ka bar yara su riƙa bin ka can in hita na aiki mota na kunne.

Oga Sule, Newark:

Ku tsaya, ku duka kun manta mutumin nan bakanike ne. Me ya sa zai sayi mai alhali kullum yana zubar da baƙin mai? Akwai hita da aka ƙera musamman don ƙona baƙin man da aka juye daga mota. A shagon da nake aiki ita muke amfani da ita, ko sisi ba ma kashewa a kan mai duk sanyi. Kuma ba a ɓoye ake yi ba, hukumar kare muhalli ta EPA ta yarda, matuƙar man naka ne ko na mutanen da suka juye da kansu a gida suka kawo maka, hitar ba ta wuce BTU 500,000 a awa ba (BTU ma'aunin yawan zafi ne), kuma hayaƙinta waje yake fita.

Injiniya Abu Hanif, Albany:

Oga Sule, sharuɗɗan da ka kawo daidai ne, amma wannan rigar ta yi masa yawa. Shagonku mota nawa kuke juye wa mai a rana? Ƙananan irin hitar nan suna shan wajen galan ɗaya a awa. Mota ɗaya in an juye mata mai, da ƙyar a samu galan ɗaya da 'yan kai. Shi da yake aiki Asabar da Lahadi, man da zai tara a shekara ba zai kai shi ƙarshen Disamba ba. Ga tsadar saye, ga ta da buƙatar kwamfaresa, ga toka da ake kwashewa a kai a kai, kuma masu ƙera ta don shagunan sana'a suka yi ta, ba don gida ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu kallon bidiyo a YouTube su haɗa tasu da tsohuwar tukunyar gas, mai yana ɗiga a kan faranti mai zafi. Ranar da aka samu ɗan fetur ko ruwa a cikin man, sai dai wani ya ba da labari.

Af, na tuna, tunda kana walda: feshin wanke birki iri biyu ne, akwai mai sinadarin kulorin a ciki. In tururinsa ya haɗu da harshen wuta ko zafin walda yana iya rikiɗa ya zama fosjin, iskar gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Karanta jikin gwangwanin, ka sayi marar kulorin, shi kuma ka sani yana kamawa da wuta, a kashe hita kafin a fesa.

Malam Na-Winnipeg, Kanada:

Ni daga inda sanyi ke kai digiri 30 ƙasa da sifili nake magana, don haka ku saurara. Baban Sadik, ba ka faɗa mana abu mafi muhimmanci ba: bangon garejin nan a lulluɓe yake ko katako ne tsirara? Akwai silin? In babu, duk abin da ka kunna tsuntsayen unguwa kake ɗumamawa. Zuba ruwa ne a kwando.

Na yi wannan kuskuren. Shekarar farko na sayi babbar hita, tana ruri dare da rana, ƙafafuna na daskarewa. Shekara ta biyu na cusa audugar gilashin nan a bango, na buga silin na zuba mata mai kauri a sama, na liƙa wa babbar ƙofa allunan soso, na sa sabuwar roba a ƙasanta da gefunanta. Hitar da ta gaza a da sai ga shi ta yi yawa. Fara da silin, don zafi sama yake gudu, sai ƙofa.

Wani abin da ba a faɗa ba shi ne tsatsa. Murhun itace zafi yake yi sosai ya mutu, gobe ɗakin ya koma ƙanƙara. Ƙarfe mai sanyi in iska mai ɗumi ta taɓa shi sai ya yi gumi, kamar kwalbar lemo da aka fito da ita daga firji. A haka kayan aiki suke yin ja. Hita mai ma'aunin zafi kuwa sai ka bar ta a digiri 6 ko 7 kullum, in za ka shiga ka murɗa ta zuwa 15. Fenti da gam da batura ma sun fi son haka. Kuma mutumin da ya dawo daga tuƙi ƙarfe shida yana da awa biyu kacal, ba zai so ya ɓata kusan rabinta yana hura wuta yana jiran ɗaki ya ɗauka ba.

A nan Kanada in kana da murhun itace, kamfanin inshora yakan nemi takardar mai duba da ke da shaidar WETT, wato ta ƙwarewa a duba murhun itace, kafin su karɓe ka. Ko'ina dai ba sa wasa da shi.

Baban Sadik, Harrisburg:

Malam, ka kama ni. Katako ne tsirara, in na ɗaga kai har kusoshin rufi nake gani. Injiniya, in na ɗauki ta abokin aikin nawa, me zan duba? Kuma mai nawa za ta sha mini? Tsoron da nake ji ke nan.

Injiniya Abu Hanif, Albany:

Kada ka ɗauka sai wanda ya san aikin ya duba ta tana kunne, tun kafin a cire. Babban abin dubawa shi ne akwatin ƙarfen da ke raba hayaƙi da iskar da za ka shaƙa. In ya tsage, bar masa kayansa ko kyauta ne, abin da Maman Ilham ta faɗa ke nan. Sai girmanta: ta gida guda takan yi wa gareji yawa, ta riƙa kamawa tana mutuwa kowane minti kaɗan, wannan kuma yana tara kunkunniya. Garejinka in an lulluɓe shi, BTU 45,000 ya ishe shi har da saura. Wani lokaci ana iya sa mata ƙaramin bakin feshi, wato wanda ke fesa man a wuta, a rage mata ƙarfi, amma iya abin da farantin jikinta ya yarda.

Tankin ne na fi shakka. Daga ciki yake ruɓewa, don ruwa na taruwa a gindinsa, waje kuwa fenti lafiya lau. In ya haura shekara ashirin, ni ba zan kai shi gidana ba. Mai in ya tsiyaye ya shiga ƙasa, kuɗin kwashe ƙasar ya fi ƙarfin sabon tanki sau da yawa. Kuma in a waje za ka ajiye shi, man yakan yi kauri ya toshe matata in sanyi ya tsananta, shi ya sa masu tankin waje suke sayen wanda aka gauraya da kananzir.

Lissafin sha kuwa, galan ɗaya yana ba da wajen BTU 138,500. Mu ce bakin feshinta rabin galan ne a awa, kana aiki awa 15 a mako, ita kuma rabin lokacin take ci rabi tana hutawa. Kusan galan 4 ke nan a mako, a mako 20 na sanyi galan 75 zuwa 80. In za ka bar ta a ƙasa-ƙasa kullum yadda Malam ya ce, zai ƙaru sosai, kuma yawan ƙarin yana hannun irin lulluɓin da ka yi. Sai kuɗin sabis sau ɗaya a shekara: bakin feshi, matata, shara, da gwajin hayaƙi.

Tun da ba ka saya ba tukuna, ka kuma tambayi farashin hitar gas ta ratayawa mai bututu zuwa waje. A gareji irin naka ita na fi girkawa. Wadda ba ta da bututu dai, irin mai kama da bindigar nan, kada ka rufe ƙofa da ita.

Baban Sadik, Harrisburg:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Da safen nan na kira inshora, matar ta ce murhun itace a garejin da ake ajiye mota ba za su ɗauka ba, hitar mai kuwa sai mai lasisi ya girka kuma in turo musu takardar izini. Maman Ilham, na sayo ƙararrawa biyu a hanyar dawowa, uwargida ta ce a gaishe ki. Asabar ɗin nan zan fara silin, duk wanda ke kusa da Harrisburg yana da tsani, akwai shinkafa da wake. Na ce wa abokin aikina kada ya cire hitar sai mai duba ya zo ranar Talata, tankin kuma na ce ya nemi masu kwashe shi.

Baba Alhaji, itacen maƙwabcin nan fa zan kwasa duk da haka. Akwai wurin hura wuta a falo da ba mu taɓa amfani da shi ba.

Baba Alhaji, jihar Maine:

To madalla. Amma a kira mai shara ya leƙa bututun falon kafin ka ƙyasta ashana, tsuntsaye da kurege suna son yin sheƙa a ciki. Itacen kuma ka faskare shi yanzu, na baɗi waccan ne.